Sufacaja A Ƙaramar Mota: Doki Nawa Za Ka Samu, Me Za Ka Biya?

Waɗanda data ba ta bar su sun saurari murya ba, ga shirin nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar mota za mu yi. Akwai tambayar da take ta maimaituwa daga 'yan'uwa na yammacin Zamfara, musamman Anka da Gummi da Bukkuyum. Mutum yana da Golf ko Starlet ko tsohuwar Corolla, ya ga bidiyo a TikTok an ɗaura wa ƙaramar mota wata na'ura mai suna sufacaja, tana kuka tana fizga, sai ya ce shi ma zai iya sa wa tasa? Kuma in ya sa, za ta ƙara ƙarfi da gaske?

Amsa a taƙaice: e, tana ƙarawa, ba ƙarya ba ce. Amma ƙarin da za ka samu a zafin garuruwanmu bai kai wanda bidiyo ke nuna maka ba, kuma ita na'urar ita ce mafi sauƙi a cikin abubuwan da aikin zai ci. Bari mu bi abin a hankali, mu yi lissafi tare.

Da farko dai, inji numfashi yake yi. Fistin ya sauka ya zuƙo iska, mai ya gauraya da ita, fistin ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta, ƙarfin fashewar ya tura fistin ƙasa. Shi ke nan aikin. Kilo 1 na fetur yana buƙatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone tas. Shi ya sa in ka buɗe wa mota mai kawai, ba abin da za ka samu sai baƙin hayaƙi da fulogi mai kunkunniya. Iska ce ke yanke hukunci. Injin 1.6 yana da iyakar iskar da zai iya zuƙa da kansa, kuma a nan ƙarfinsa ya tsaya.

To ka taɓa tsayawa a maƙera? Gawayi yana nan yana ci a hankali, da yaro ya kama zugazugi sai wuta ta tashi ta yi jawur. Sufacaja zugazugin inji ce. Famfo ne da bel ke juyawa daga karanshaf, yana cusa wa inji iskar da ta fi wadda zai zuƙa da kansa. Kuma asalinta ma daga can ne. A shekarar 1860 wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, a jihar Indiana ta Amurka, suka yi rajistar wani famfon iska da aka riƙa hura tanderun narka ƙarfe da shi. Daga baya masu ƙera injuna suka ɗauko shi. A 1921 kamfanin da ke ƙera Mercedes ya nuna motoci masu irin wannan famfo a bajekolin Balin, kuma wannan kalma ta Kompressor da kuke gani a bayan C180 da C200 'yan Beljiyam, abin da take nufi ke nan.

Bambancinta da turbo shi ne, turbo hayaƙin salansa ke juya shi, ita kuwa sufacaja inji ne ke juya ta da ƙarfinsa. Don haka da ka taka totur take amsawa, ba jira. Sai dai kuma tana cin ladanta daga cikin abin da ta kawo, domin juya ta ma aiki ne.

Yanzu ga lissafin. Ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya da shi, wato psi, da shi za mu yi. Iskar da muke shaƙa tana danna komai da kusan psi 14.7. Ƙarin da ake ɗauka a matsayin mai sauƙi ga injin da ba a taɓa cikinsa ba shi ne psi 5 zuwa 6. In ka raba 6 da 14.7 za ka samu kusan kashi 40 cikin 100. A nan masu talla suke tsayawa, su ce maka motarka mai doki 90 za ta koma 126.

Abin da ba sa faɗa shi ne, iska in aka matse ta zafi take yi. Taɓa famfon keke bayan ka ba taya iska, za ka ji. Iska mai zafi kuma ta fi sakayau, wato a cikin ma'auni ɗaya ba ta da yawa kamar mai sanyi. Ɗauki watan Afrilu a Gummi, rana tsaka, ma'aunin zafi ya kai 40. Ƙaramar sufacaja irin ta Roots in ta matse wannan iska zuwa psi 6, za ta fito da zafin da ya haura 90. In ka cire abin da zafin ya ci, ƙarin iskar gaske da ya shiga silinda bai wuce kashi 20 ba. Doki 90 ya zama kamar 107. Cire ladan bel, kana wajen 100. In ka sa intakula, wato wani ƙaramin lagireto da ke huce iskar kafin ta shiga inji, za ka iya kaiwa wajen 110. Ka ga ke nan muna maganar ƙarin doki 10 zuwa 20 ne. Za ka ji shi wajen tashi da wajen wuce babbar mota, amma Golf ba za ta zama wata mota daban ba.

Wannan zafi kuma ba ƙarfi kaɗai yake ci ba, shi ne ke kashe inji. In iska ta yi zafi da yawa, kuma aka matse ta da yawa, sauran man da ke cikin silinda yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in kana hawa tudu da kaya. Duk ƙarar nan duka ne a kan fistin. In abin ya daɗe, ring ya karye, ko gaskit ya ƙone, ko kan fistin ya narke. Daga nan sai ka ji bakanike ya ce inji ya buga.

Abin da ke hana wannan fashewa shi ne juriyar mai, wadda ake aunawa da lambar oktan. Fetur ɗin da ake sayarwa a Najeriya mizaninsa 91 ne, kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina. A Turai mai na yau da kullum 95 ne, akwai kuma 98 ga mai so. Yawancin kayan sufacaja da ake haɗawa a waje, sharaɗinsu shi ne a sha mai mai babbar lamba. Kai kuwa da ke bin hanyar Anka zuwa Ɗaki Takwas, wani lokaci ba ka da zaɓi sai jarkar ɗan bumburutu, man da ya wuni a rana, ba ka san daga ina ya fito ba. Ko a manyan gidajen mai ma, ba mu manta watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da kima, motoci suka yi ta lalacewa a ƙasar nan. Injin da bai da sufacaja yakan yafe irin wannan mai sau da yawa. Wanda aka matsa masa ba ya yafewa.

Ga misali daga gidan Golf ɗin kanta. Golf 2 GTI mai injin 1.8 tana ba da doki 112. Da kamfanin Volkswagen ya so ƙara mata ƙarfi, wajen 1990, ya fitar da G60 mai sufacaja, ta ba da 160. Amma duba abin da suka yi kafin su kai nan. Sun rage matsin fistin daga 10 zuwa 8, don kada mai ya fashe da kansa. Sun sa intakula. Sun sauya burenbos da tsarin ba da mai. Sun ƙara girman birki. Haka kamfanin BMW ya yi wa Mini Cooper S a 2002: injin 1.6 ya tashi daga doki 115 zuwa 163, amma da fistin daban da intakula a samansa. Ko Toyota da ta taɓa sayar da sufacaja ta sashenta na TRD don Corolla ta 2003 da 2004, wadda ta ɗaga ta daga 130 zuwa sama da 160, ba famfo kaɗai ta miƙa wa mutane ba. Ya zo da ƙarin nozul da ƙaramar kwamfutarsa, da sharaɗin mai mai kyau. Waɗannan injiniyoyi ne masu ɗakin gwaji, kuma babu wanda a cikinsu ya ɗaura famfo ya kama hanya.

To mu dawo kan motarka. In tsohuwa ce mai kafireto, kafireto ba a yi shi don a hura masa iska da ƙarfi ba, sai an yi masa aiki na musamman shi da famfon mai. In Golf 3 ce mai nozul ɗaya a tsakiya, burenbos ɗinta ba ya auna iska ma sam, kintata yake yi daga yadda ka taka totur da saurin juyin inji. Ka cusa masa ƙarin iska, shi bai sani ba, zai ci gaba da ba da man da ya saba. Iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, zafi ya ƙaru, mun koma kan fistin mai narkewa. Alhali injin da ke ƙarƙashin matsi ƙarin mai yake so, wajen kilo 1 ga kilo 12 na iska, domin man da kansa yana sanyaya silinda.

Don haka in ana so a yi aikin daidai, ga abin da ke biyo bayan na'urar. Ƙarfen da zai riƙe ta daram a layi ɗaya da fulin karanshaf, don ko ɗan karkata ya isa ya riƙa cinye bel. Bawul ɗin da ke sakin iska in ka ɗaga ƙafa. Intakula da bututunsa. Manyan nozul da famfon mai mai ƙarfi. Burenbos da ake iya saitawa, da mutumin da ya iya saita shi da kwamfuta, yana kallon ma'aunin gaurayar mai da iska. Fulogi masu jure zafi. Kuloci mai ƙarfi, don tsohon zai fara sulɓi. Lagireto mai tsabta da fanka mai aiki. Cikakkun kaya irin waɗannan a waje suna farawa ne daga wajen dala 3,000 zuwa sama, ban da kuɗin jirgi da kwastan. Juya shi zuwa naira, ka kwatanta da kuɗin motar kanta.

Wani zai ce ai akwai masu araha a intanet. Akwai, kuma kashi biyu ne. Kashi na farko su ne ƙananan famfuna na gaske irin AMR300 da AMR500, waɗanda asali na ƙananan motocin Japan ne. AMR500 tana tura rabin lita a juyi ɗaya. Injin 1.6 yana zuƙar lita 0.8 a kowane juyi. Kafin ta ba shi psi 6 sai ta juya fiye da ninki biyu na saurin inji, wato in inji yana 6,000 a minti ita tana sama da 13,000. Wahala ce babba ga ƙaramin famfo, kuma iskar za ta ƙara zafi. Ga shi kuma tsirara take zuwa, duk waɗancan kayan da na lissafa suna kanka.

Kashi na biyu kuwa, waɗanda ake ce wa sufacaja ta lantarki, 'yar fanka da ake sawa a bututun iska a jona da batir, wannan ina roƙonku kada ku kashe ko kwabo. Injin 1.6 a juyi 6,000 yana shan lita 4,800 na iska a minti. Matse wannan iska zuwa psi 6 yana cin wajen wat 5,000. A batir mai volt 12, sama da amfiya 400 ke nan, alhali altanetar ƙaramar mota 70 zuwa 90 take bayarwa. Na gaskiyar irinta, wadda Audi ta sa a SQ7 a 2016, sai da aka yi mata layin wuta na volt 48 daban. Waccan 'yar fankar tare hanyar iska ma take yi, kuma in fiffikenta ya karye, cikin inji zai nufa. Araha ba ta ado.

Akwai kuma ƙura. Tsakanin ƙarafan da ke juyawa a cikin sufacaja, tazarar ba ta wuce kaurin 'yan gashi ba. Ka tuna yadda hanyoyin ƙauyukan Bukkuyum suke da hunturu, ko ranar kasuwa a Nasarawar Burkullu. Sannan ka tuna motoci nawa ne ke yawo da iyakilina yagagge, ko ma an cire shi gaba ɗaya. Wannan ƙura yashi ce mai laushi, za ta goge cikin famfon har ya daina matse iska, abin da ya goge kuma ya wuce cikin silinda. Ranar da ta lalace, ba kaya ne da za ka tarar a kowane shago ba. Sai an aika Gusau ko Sakkwato, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, wataƙila ma sai Ladipo a Legas, mota tana kafe a gareji.

Yanzu bari in taɓo abin da na san yana ran da yawa daga cikin masu tambayar. Ba kowa ne ke neman ƙarfin don wasan mota ranar biki ba. Duk mun san halin tsaron da hanyoyin yankin nan suke ciki. Direba yana so ya bar Mayanchi ya shiga Anka, ko ya bar Anka ya isa Gummi, ido na ganin ido, kuma akwai wuraren da ba wanda ke son ya daɗe a cikinsu. Na fahimci wannan sarai. Amma duba, ƙarfin da mota ke buƙata don keta iska yana hawa ne ninki a kan ninki. Ƙarin kashi 20 na ƙarfi ba ya ba ka fiye da kashi 6 na ƙarshen gudu. Motar da ke tsayawa a 170 za ta kai 180, gudun da ramukan hanya ba za su bar ka ka yi ba tun farko. A ɗaya ɓangaren, motar da ke gudun 120 tana ɗauke da ƙarfin karo da ya fi na mai gudun 100 da kashi 44, kuma birkinka da tayarka su ne na jiya. Dokar hanya ma ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A irin hanyoyinmu, abin tsoro na gaske shi ne allurar zafi ta hau, ko bel ya tsinke, mota ta mutu a daji da fasinja a ciki la'asar sakaliya. Duk abin da ka ƙara wa inji wanda zai iya tsayar da kai a can, ya ci ribar mintunan da ya ba ka.

Kuma kada a manta da aljihu. Ƙarin iska ƙarin mai ne, babu dabara. Kafin 29 ga Mayun 2023 farashin hukuma na lita bai kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 lita ta haura 1,000. Mai motar haya ya yi wannan lissafi da kansa ya ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

To mene ne mafita? Ni shawarata, kafin ka sayi sababbin dawaki, nemo waɗanda suka ɓace maka. Motar da ta fito daga kamfani da doki 90 shekara 25 ko 30 da suka wuce, da wuya a ce yau tana ba da su duka. Sa a auna matsin kowace silinda, in ring ya gaji a gyara. Sauya iyakilina da fulogi da wayoyinsu. A wanke nozul, a duba famfon mai, a daidaita tayimin. A duba salansa ko ta toshe, a duba birki ko yana riƙewa. A wanke lagireto, a mayar da tamostat ɗin da aka cire, a daina cika shi da ruwan rijiya mai gishiri. Ba taya iskar da ta dace. Waɗannan duk bakaniken garinku zai iya, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na sufacaja ba.

Sai kaya. Golf 3 nauyinta ya ɗan haura kilo 1,000. In ka loda mata mutum shida da buhuna biyu na gero, ka kai ta wajen 1,700. Sauke buhunan nan biyu, ta dawo 1,500, kowane doki ya samu sauƙin da ya kai kashi 12 zuwa 13. Kusan abin da sufacaja marar intakula za ta ba ka ke nan, ba ka kashe ko sisi ba.

In duk an yi wannan kuma har yanzu ƙarfin bai ishe ka ba, akwai hanyoyi biyu da suka fi kwanciyar hankali. Ko dai ka sa babban inji na gidan motar, kamar injin 2.0 na Golf 3 mai doki 115, wanda ke zama a mazauninsa kuma kayansa suna kasuwa, ka tabbata ka gyara takardunka tunda lambar inji ta sauya. Ko kuma ka tara kuɗi ka sayi motar da ta fito daga kamfani da sufacaja ko turbo, wadda aka tsara komai nata tare.

Ga mai sha'awa kuma, wanda yake da mota ta biyu, ba da ita yake ciyar da gida ba, kuma yana son koyon aikin, ban ce kada ya yi ba. Ta haka ake samun gwanaye. Amma ya fara da inji mai lafiya, ya gyara birki da taya tukuna, kada ya wuce psi 5, kada ya yi ba intakula, ya sa ma'aunin gaurayar mai inda idonsa zai riƙa gani, ya sha mai a gidan mai ɗaya da ya yarda da shi. Da ya ji ƙarar tsakuwar nan, ya ɗaga ƙafa nan take, kada ya ce bari in kai gida. Garin neman gira ake rasa ido.

A nan za mu dakata. Makanikai da direbobin da ke tare da mu, musamman na layin Gusau zuwa Gummi, ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku, ku tura wa abokin da kuka san yana shirin kashe kuɗinsa a kan wannan. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.